Turancin Ingila ko na Amurka: wanne za ka bi a kan su in, on da at?

Akwai wani yaro da nake yi wa lesin da yamma, yana shirin WAEC, yaron yana da kai wallahi amma akwai shi da gardama. Na ba su aikin rubuta wasiƙa, ya kawo min nashi na ga ya rubuta "we shall discuss about the matter", na sa jan biro na kashe "about" ɗin, sai ya ɗago ya ce min ai Malam wannan Amerikan Ingilish ne. Na ce masa wane Ba'amurken ne ya faɗa maka? Ya yi shiru yana sosa ƙeya. Wannan amsar tashi na sha jin ta, duk wanda aka kama ya yi kuskure a ƙananan kalmomin nan sai ya laƙaba wa Amurkawa, su kuma bayin Allah ba su san ana yi ba. Toh shi ya sa na ce bari dai in zauna in baje abin, ina ne da gaske Turawan Ingila da na Amurka suka raba hanya a kan firifozishin, ina ne bakinsu yake ɗaya, sannan kai da kake son ka tsayar da guda wanne ya fi dacewa da kai.

Firifozishin dai su ne 'yan kalmomin nan irin su in, on, at, to, from, with, for, by, waɗanda ake sawa gaban suna don su nuna wuri ko lokaci ko alaƙa. Idan ka haɗa ɗaya da sunan da ke bin sa, kamar "in the room" ko "after the prayer", ka samu wani yanki guda wanda yake aiki tare, wani lokacin ya yi bayanin suna kamar sifa, wani lokacin ya yi bayanin aiki kamar bayanau. Mu ma muna da su a Hausa, a, da, daga, ga, zuwa, har, sannan ga waɗanda muka ciro daga sassan jiki, cikin daga ciki, kan daga kai, bayan daga baya, gaban daga gaba. Inda matsalar take shi ne "a" ɗinmu guda ɗaya tana ɗaukar kayan mutum uku. A Kano, a kasuwa, a bango, duk "a" ce, amma Bature sai ya ce "in Kano", "at the market", "on the wall". Kaga tun kafin a zo maganar Ingila da Amurka mu Hausawa mun riga mun shigo da namu nauyin.

Bari mu fara da wanda ya fi shahara, ƙarshen mako. Mutumin Landan zai ce "at the weekend", mutumin Niyok zai ce "on the weekend", 'yan Kanada ma "on" ɗin suke bi. Babu wani dalili mai zurfi, al'ada ce kawai. Idan kana rubuta jarrabawa a Najeriya ko Gana kuma aka ba ka zaɓi tsakanin biyun, ɗauki "at" ka wuce. Amma akwai ta uku wadda babu mai yi maka gardama a kanta ko ina ka je, "over the weekend", kuma ni ita nake amfani da ita a imel saboda ban san ko wa zai karanta ba.

Sai titi. A tsohon tsarin Ingila ana cewa shago yana "in Oxford Street", Ba'amurke kuma ya ce "on Fifth Avenue". Kamar shi mutumin Ingila yana ganin titi wani lungu ne da gidaje suka kewaye kana cikinsa, shi kuma na Amurka yana ganin shimfiɗa ce kana kanta. Yanzu "on" ta shiga bakin 'yan Ingila sosai, musamman matasa, don haka ba abin tashin hankali ba ne. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne da zarar lambar gida ta shigo, duka su biyun "at" suke komawa, "at 10 Downing Street", "at 1600 Pennsylvania Avenue". Haka ƙwallo, ɗan wasa yana "in the team" a Ingila, yana "on the team" a Amurka, masu kallon Firimiya ku saurari masu sharhi za ku ji.

Wanda ni dai na ba Amurkawa gaskiya a kai shi ne "through". Idan ofis ya rubuta "Monday to Friday" mutum zai iya tsayawa yana tunani shin Juma'ar tana ciki ko kuwa daga Alhamis an rufe, shi ya sa a takardun hukuma 'yan Ingila kan ƙara "inclusive" a ƙarshe don a san har da ita. Ba'amurke kuwa kalma ɗaya ya sa ya huta, "Monday through Friday", ma'ana har da Juma'ar. Daidai take da "har" ɗinmu. Sai dai fa in ka rubuta ta a takardar da malamin sakandare na nan gida zai yi maki, akwai yiwuwar ya zagaye ta da jan biro, ba don kuskure ce ba, don bai saba ganin ta a wannan wurin ba, kuma ba ka nan balle ka kare kanka.

Agogo kuma nan ne abin dariya yake. Bakwai da kwata, Ingila "quarter past seven", Amurka suna faɗin wannan ɗin amma suna kuma cewa "quarter after seven". Takwas saura kwata, Ingila "quarter to eight", wasu Amurkawa kuma su ce "quarter of eight" ko "quarter till eight", wannan "of" ɗin in ba ka taɓa jin ta ba sai ka ɗauka takwas da kwata ake nufi ka makara da rabin awa. Su ma 'yan Ingila suna da tasu, a hira sukan yar da "past" gaba ɗaya su ce "half seven", bakwai da rabi kenan. Shawarata a nan ba ta da tsawo, riƙe "past" da "to", kowa yana gane su, sauran ka san su don kunne kawai.

Akwai kuma inda bambancin ba sauya kalma ba ne, yar da ita ne dungurungum, kuma Amurkawa ne gwanayen haka. "See you Monday" babu "on". "Write me" babu "to". "They protested the law" babu "against". "He looked out the window" babu "of". Mutumin Ingila na gargajiya zai ce "write to me", "protested against the law", "out of the window". Wannan shi ne wurin da ya fi ruɗa ɗalibanmu, saboda a Hausa muna cewa jira ni, saurare ni, babu komai a tsakani, sai yaro ya ji "write me" a fim ya ɗauka ƙofa ta buɗe, gobe ya zo maka da "wait me" da "listen me" da "reply my message". Waɗannan ukun babu su a Landan, babu su a Washintan. "Wait for me", "listen to me", "reply to my message", haka suke a ko'ina. Yar da firifozishin da Amurkawa ke yi a wasu ƙididdigaggun kalmomi ne, ba izini ba ne na gaba ɗaya, kuma abin mamaki a wasu wuraren su ne ma suke ƙarawa, "meet with the manager", ko "get off of the chair" da ake ji a hirar titi wadda ko su kansu malamansu ba sa so a rubutu.

"Different" kuwa uku take tafiya da su. "Different from" kowa ya yarda, "different to" 'yan Ingila, "different than" Amurkawa. In ka ɗauki "from" ka gama, ban ga dalilin da zai sa mai koyo ya wahalar da kansa da sauran biyun ba. Haka sa wa yaro sunan wani, "named after his grandfather" tana tafiya ko'ina, "named for" ta fi yawa a Amurka. "Towards" da s Ingila, "toward" babu s Amurka, wannan ko an gauraya babu wanda zai mutu.

Masu aikin jinya da ke shirin tafiya Ingila, ga naku. A can idan aka ce mutum yana "in hospital" babu "the", to an kwantar da shi ne, majinyaci ne. In kuwa dubiya ya je ko aiki, sai a ce "at the hospital". Amurkawa kuma ko an kwantar da kai "in the hospital" za su ce. Haka ɗalibi yana "at university" a Ingila, yana "in college" a Amurka, kuma yana yin rajista "on a course" a Ingila, "in a course" a Amurka. Fom ma, a Ingila "fill in" ake yi, a Amurka "fill out", duk da cewa wannan in an bi diddigi ba firifozishin ba ne, wani ɗan guntu ne da ke manne da aikatau. Yadda za ka gane shi ne ka gwada sa "it" a tsakiya, "fill it in" ta zauna daram, amma "look it at" ba ta zauna ba sai dai "look at it", toh ta biyun ce firifozishin na gaske.

Yanzu ka ƙirga abin da na lissafo, ba su fi ashirin ba, ko ka ƙara da waɗanda na tsallake ba za su cika shafi biyu na littafin rubutu ba. Wannan fa shi ne duk rigimar. Sauran filin, wanda shi ne mafi girma nesa ba kusa ba, gonar haɗaka ce, kuma a nan ne maki yake zubewa. Lokaci, "at five o'clock", "on Monday", "in March", "in 2020", iri ɗaya ne. "At night" amma "in the morning", iri ɗaya ne, kuma kar ka tambaye ni dalili. "In a car" amma "on a bus", "on a plane", iri ɗaya ne. "Good at English" ba "good in" ba. "Married to" ba "married with" ba, wannan "da" ɗinmu ce ta Hausa take leƙowa, ta yi aure da wane, sai hannu ya rubuta "with". "Prefer tea to coffee" ba "than" ba. "Arrive in Kano" ko "arrive at the station", amma "reach Kano" haka nan tsirara babu komai. "In the long run" ba "on" ba, wannan har manya a rediyo da talabijin suna faɗa.

Shi kuma "discuss about" na yaron nan, na gano daga inda yake fitowa, kuma da na nuna masa sai ya daina. Sunan yana ɗaukar firifozishin, aikatau ɗin ne ba ya ɗauka. "A discussion about money" daidai ne, amma "discuss money". "Emphasis on reading" daidai ne, amma "emphasize reading". "A request for leave" daidai ne, amma "request leave". Kunne ya saba jin kalmomin biyu a jere a wuri ɗaya sai ya kwashe su ya kai ɗaya wurin. "Comprise of" ma haka, "consist of" ce ta haife ta. Duk waɗannan ko ka je Shikago jan biro ne zai tare ka.

Ga wasu dokoki biyu ko uku da su ma ba ruwansu da ƙasa. Duk aikatau da ya biyo bayan firifozishin sai ya ɗauki ing, "before eating", "without asking", har da wanda ke kayar da mutane a ƙarshen wasiƙar neman aiki, "I look forward to hearing from you", domin "to" ɗin nan firifozishin ce ba irin ta "to go" ba. Wakilin suna kuma sai ya zo a siffar karɓau, "between you and me", ba "I" ba, duk da cewa Turawan kansu suna wannan kuskuren don suna ganin "I" ta fi ƙwalisa. Sannan tarkon da masu tsara tambayoyin JAMB ke so kamar me, yankin firifozishin ya shiga tsakanin mai aiki da aikatau, "the box of matches is on the table", "one of the boys is absent", idonka yana kan "matches" da "boys" sai ka ɗauki "are", alhali akwatin ake magana da yaro ɗaya. Dabarar ita ce ka rufe yankin da yatsa ka karanta sauran. Batun wai haramun ne a ƙare jimla da firifozishin kuwa, wannan tsohuwar fitina ce da wasu marubutan Ingila suka taso da ita tun ƙarni na 17 suna kwaikwayon Latin, yau ɓangarorin biyu duk suna cewa "where are you from" hankali kwance, kar wani ya tsorata ka da ita.

Toh wanne za ka ɗauka? Ya danganta da wanda zai karanta takardarka, ba wanda ya fi daɗi a kunne ba.

In kana sakandare ko kana shirin WAEC, NECO ko JAMB, na Ingila, babu wani dogon tunani. Hukumar WAEC tun 1952 aka kafa ta, zamanin Turawan mulki, kuma littattafan da aka karantar da malamanka da su da waɗanda aka karantar da nasu malaman duk a kan tsarin Ingila suke. NECO da ta zo a 1999 ba ta sauya wannan ba. Mai makin takardarka yana da tuli a gabansa, ga zafi ga gajiya, abin da idonsa ya saba da shi shi zai bari ya wuce. 'Yan uwanmu na zango a Kumasi da Akara ma haka abin yake gare su tunda jarrabawar gida ɗaya ce. Laberiya ce kawai a cikin ƙasashen WAEC take da tsohuwar alaƙa da Turancin Amurka, saboda tarihin kafuwarta.

In IELTS ce, jarrabawar Turanci ta masu son fita waje, wadda British Council da IDP da Cambridge ke gudanarwa, suna karɓar duka biyun, don haka ba za a rage maka don ka ce "on the weekend" ba. Amma nahawu kashi ɗaya ne cikin huɗu na makin rubutu, kuma abin da ke ja da mutane ƙasa su "discuss about" ne da "depend of", ba bambancin ƙasa ba. Tunda ka taso da na Ingila a makaranta, ka zauna a inda kake. In kuma TOEFL ce, ta hukumar ETS ta Amurka, ko kana neman mastas a can, ko kana aikin intanet da kamfanin da ke can, toh ya kamata kunnenka ya saba da nasu, ka san "through", ka san "quarter of", ka daina mamakin "write me". Ba sai ka zubar da naka ba, Ba'amurke in ya ga "write to me" bai ga kuskure ba, iyaka ya ce wannan mutumin akwai ladabi. Nan ma wani ɗan rinjaye ne da na Ingila yake da shi, cikakkiyar siffar da ba a yar da komai ba ta fi shiga ko'ina fiye da gajeriyar.

Wanda kuma ya fara da Faransanci, kamar 'yan Maradi ko Damagaram ko Garwa da ke koyon Turanci daga baya, shi bai da tsohon kaya a ka, yana iya ɗaukar duk wanda ya ga dama, sai dai in da Najeriya zai yi hulɗa ko karatu toh na Ingilar ne zai fi yi masa sauƙi. Shi nasa yaƙin ma daban ne, "dépendre de" za ta riƙa tura shi zuwa "depend of".

Abin da ban so shi ne gauraye a takarda ɗaya, sakin layi na farko "at the weekend", na uku "Monday through Friday", na ƙarshe "different to". Kowanne shi kaɗai daidai ne amma a haɗe sai ya zama kamar mutum ya sa babbar riga da wandon ƙwallo. Kuma kar ka dogara da kwamfuta ta gyara maka, in ka saita Word a kan Ingila ko Amurka za ta kama maka "colour" da "color", amma firifozishin sau da yawa wucewa take ta bar ka da abinka. Ƙamus ya fi, irin na masu koyo, Oxford ɗin nan da ke kusan kowane ɗakin malamai yana sa alamar BrE (na Ingila) ko NAmE (na Arewacin Amurka) a gefen misali, Cambridge na intanet yana sa UK da US, Merriam-Webster kuma na Amurka ne zalla. In ka duba kalma kar ka tsaya a ma'ana, ka gangara ka ga wane ɗan ƙaramin ne yake bin ta, ka rubuta su tare a littafinka kamar kalma ɗaya, "interested in", "afraid of", "accused of", "responsible for", don ni ban taɓa ganin wanda ya iya su ta hanyar haddace doka ba, sai dai a haɗe da abokan tafiyarsu.

Yaron nan dai yanzu mun yi yarjejeniya da shi, duk ranar da ya ce min abu Amerikan ne sai ya buɗo min shi a ƙamus a wayarsa, in ya samu in ba shi naira ɗari, in bai samu ba ya share allo. Sau ɗaya ya taɓa cin kuɗina, a kan "on the weekend", allon kuwa tun watan jiya ban taɓa shi da hannuna ba.